Alƙalin Ruwa da Modem Mai Ƙaho Huɗu

A ƙauyen Sallapuquio ba a neman sandar alƙalin ruwa, ita ke neman mutum. Gida-gida take bi, shekara-shekara, wanda ta faɗa wa kuma ba shi da bakin cewa a'a. Aikin ba ɓoyayye ba ne. Daga ranar da aka rufe ƙofar tafki zuwa ranar da za a buɗe ta don shukar masara, kwana arba'in da biyar, alƙali zai hau dutse kullum da safe, tafiyar awa uku, ya duba ruwa, ya zaga bangon tafkin, inda ya ga yana tsatsafowa ya yanko ƙasa mai ciyawa ya toshe. A cikin kwanakin nan ba mai taka bakin tafkin sai mai sanda. Doka ɗaya ce, ko ɗan yaye ya haddace ta: ruwan da ya tsere saboda sakacin alƙali, daga rabon gonarsa ake cire shi.

A bana sandar ta faɗa gidan Hermógenes Ccoyllo.

Shi Hermógenes shekara shida ya yi a birnin Lima yana gadin ƙofar wani shagon sayar da wayoyi. Ya dawo da tumbi, da baƙin tabarau, da biro uku a aljihun gaba, da sunan Injiniya, wanda shi ya raɗa wa kansa ba tare da an yanka ko kaza ba. Mutumin da ko ƙwan fitila bai iya canzawa ba sai ya fasa, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya kafa turakun sabis na ƙasar nan da hannunsa. Abin da ya fi tsana a duniya kuwa shi ne hawa. Ko bayan gida ne, in akwai tudu a hanya sai ya yi shawara.

Ranar miƙa sanda aka taru a ƙofar coci. Tayta Sinforoso, wato Baba Sinforoso, tsohon da ya riƙe sandar sau huɗu a rayuwarsa, ya miƙa masa ita da hannu biyu. Hermógenes ya karɓa da hannu ɗaya, ya zaro wani ɗan allo kore daga aljihu ya ɗaga sama.

"Jama'a, ku kalli nan da kyau. Wannan 'yar abar, da ba ta fi tafin hannuna ba, kwamfuta ce sukutum. Wani abokin aikina a Lima ya haɗa mini ita. Za ta zauna a bakin tafki, ta auna ruwa kullum, ta aiko da saƙo cikin zauren wayarmu na ƙauye. Kowa yana kwance a gidansa zai san ruwa nawa gare mu. Saura abu ɗaya kawai, modem, wato bakin da za ta yi magana da shi. Shi kuma ku bar mini, fannina ne."

"Ita ma tana toshe ɓaraka?" in ji Tayta Sinforoso.

"Tayta, ina ganin girman furfurarka, amma hawan dutse kullum aikin mutanen da ne. In ruwa ya ragu za ta faɗa, sai in hau sau ɗaya in gyara. Da kai ake aiki yanzu, an daina da gwiwa."

"To, Allah ya sa kan ya fi gwiwar ƙarfi."

Mama Ildaura, wadda ta shekara arba'in tana kiwon tumaki a tsaunukan nan, ta cire ganyen koka, wanda mutanen tsaunin ke taunawa kamar goro, daga kunci ta ce, "Ɗana, sabis ba ya tsallake Wuyan Dutse. Daga nan ya tsaya. Kamfani ɗaya ne ma ke kaiwa can, shi ma sai na hau kan dutsen nan mai faɗi kafin in ji muryar 'yata. Tafkin kuwa a cikin kwari yake, bayan Wuyan."

Hermógenes ya yi dariya ya gyara tabarau. "Mama, wayarki ce ta yi ritaya ba ta faɗa miki ba. Sabis yana ko'ina, kama shi ne sai mai ilimi."

A gida matarsa Eufrosina tana ɓarzar masara, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Maigida, gonar nan guda ɗaya gare mu, ita muke ci. Ka yi wasa da duk abin da ka ga dama, ban da ita."

"Ke dai ki tanadi buhuna."

Washegari ya shiga motar birnin Ayacucho. Mai shagon da ya je, wata mata ce Nélida, wadda ta san kayanta ciki da waje. Ta saurare shi har ya gama zuba, sannan ta tambaye shi wane kamfani ne ke kamawa a wurin, kuma da me zai ba abin wuta. Ya ce farantin sola ƙarami da batirin babur. Sai ta ɗauko wani ɗan modem siriri, bai fi ɗan yatsa ba.

"Wannan za ka ɗauka, Yallaɓai. Ba ya cin wuta, kuma ko sabis ya yi rauni yana lallaɓawa ya kama. Amma kafin ka kafa, ka je wurin da wayarka ka ga ko akwai sabis ɗin ma. In babu, babu modem ɗin da zai haifo shi."

Hermógenes ya kalli abin kamar an miƙo masa ƙashin da kare ya gama gwagwiya. Idonsa ya faɗa kan wani baƙin akwati a saman kanta, mai eriya huɗu a tsaye.

"Wancan fa?"

"Wancan na 5G ne, na ofisoshin birni. Ba 5G a dutsenku, kuma batirinka ba zai ɗauke shi ba."

"'Yar'uwa, lokacin da nake harkar sadarwa a Lima ke ba ki san hagu da dama ba. Mai ƙaho huɗu ya fi marar ƙaho, ko a garken Mama Ildaura haka ne. Sauko mini da shi."

Ta sauko masa da shi, ta ce ba a dawo da kaya. Ya ce wanda zai dawo da kaya ai bai san abin da yake saya ba ne.

Ranar rufe ƙofar tafki duk ƙauye ya hau, kamar yadda aka saba, da ganga da sarewa da tulunan giyar masara. Hermógenes ya iso ƙarshe, yana haki, fuska ta yi ja. Aka rufe ƙofar ruwa, aka yi addu'a, Tayta Sinforoso ya zuba wa ƙasa rabonta na giya, ya juyo zai yayyafa wa sabon injin, tunda ba a fara aiki da sabon abu sai an shayar da shi. Hermógenes ya yi tsalle ya tare.

"Tayta, wannan ba garma ba ce!"

Ya jona wayoyi, ya danna. Fitilar kwamfutar ta kama, ƙahonnin suka ja wuta, fitilar ta mutu. Ta sake kamawa, ta sake mutuwa. Mutane suka kewaye shi suna kallo, ita kuwa sai kamawa take tana mutuwa.

"Me take yi?" in ji wani.

"Tunani take yi."

"Ashe irin maigidanta ne," in ji Mama Ildaura, "in ta fara tunani sai ta suma."

Ya ce su sauka kawai, saƙo zai riga su isa gida. Suka sauka. Saƙo bai riga su ba, bai kuma biyo su ba. Kwana biyu zauren ƙauye shiru, sai hoton wata akuya da ta ɓata. Matan kasuwa suka yanke hukunci cewa injin fushi ya yi don an hana shi giya.

Dole Injiniya ya hau. Ya tarar da raɓa ta jiƙa kayan, batir ya mutu murus. Nan take ya gano matsalar, a ganinsa: sanyi ne. Ya sauko, ya faki idon Eufrosina ya ɗauke babbar tukunyar ƙarfen da take dafa giyar masara, ya aro batirin mota, ya ɗora wa jakin maƙwabci, ya koma. Ya kife tukunyar a kan kwamfuta da modem da ƙahonninsa, ya danne da duwatsu ta ko'ina, ko iska ba ta shiga, balle sabis ɗin da dama can babu. Ya dawo yana fito.

Eufrosina tana tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Ina tukunyata?"

"Tana aikin al'umma."

"Tukunyar da uwata ta bar mini?"

"Ki yi alfahari, mace. Tukunyarki ta shiga kimiyya."

"To yau kimiyya za ta dafa maka abinci."

Ranar dankali busasshe ya ci, da ruwan sanyi. Saƙo kuma bai zo ba.

Ya kira abokin nasa na Lima, ya ɓuya bayan coci don kada a ji. Abokin ya ce ƙarfe ai yana tare sabis, wane mahaukaci ne ya kife eriya da tukunya? Hermógenes ya ce wani maƙwabcinsa ne, shi ma abin da ya gaya masa ke nan. Abokin ya ce a ɗaga eriyar sama. Shi ke nan, Injiniya ya sami sabon ilimi. Da rana tsaka ya sare dogon itacen turare na bayan makaranta, ya ɗaura gindinsa a jikin jaki, ya ratsa tsakiyar ƙauye yana jan sa, kan itacen yana share duk abin da ya tarar. Ya kifar da teburin mai sayar da cuku, ya ɗebe shanyar gida biyu, ya tafi da wandon malamin makaranta a reshe kamar tuta.

"Injiniya, gicciye za ka kafa mana?" aka ƙwala masa daga bakin shago.

"Ku dai ku riƙe wayoyinku a hannu."

A bakin tafki ya ɗaure modem a kan itacen da igiyar shanyar da ya tsinto, ya kafa shi a kan bango, ya tara duwatsu a gindi. Watan Agusta ne, tsakiyar rani a ƙasar nan, kowa ya san iskar da ke tasowa bayan azahar, ban da mai ilimi. Yana cikin ja da baya don ya ƙare wa aikinsa kallo, itacen ya yi ruku'u, ya nufi ruwa. Hermógenes ya rungume shi don ya ceci ƙahonnin. Itacen bai ƙi rakiya ba, suka faɗa tare.

Ruwan tafkin nan daga ƙanƙarar dutse yake gangarowa. Da ƙyar ya fito, tabarau ya tafi, biro uku sun tafi, modem kuwa har yau yana can ƙasa yana neman 5G. Ya shigo ƙauye da yamma haƙora na kaɗawa, jaki a gaba shi a baya. Tayta Sinforoso yana zaune a ƙofar gidansa.

"Alƙali, ruwa ya kai ina?"

"Ya... ya kai wuya."

"Madalla. Mu da sanda muke aunawa, ashe ku 'yan boko da jiki kuke yi."

Kwana uku yana kwance da mura. Da ya tashi ya ce wa Eufrosina zai je asibiti, ya zarce shagon Nélida. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi farashin abin da ba ya so, sannan ya ce wani talaka ne a ƙauyensu ya aiko shi ya sayo masa ɗan ƙaramin modem ɗin nan.

"Mai ƙahon fa, yana aiki?"

"Kamar me. Har maƙwabtan ƙauye suna kama sabis a jikinsa."

"To ka gaishe da talakan," in ji Nélida tana naɗe masa. "Ka ce masa na ce ya fara duba ko akwai sabis a wurin."

Ya hau a rana ta goma. Ya soka ɗan modem ɗin, kwamfutar ta kama, ba ta mutu ba. Ya zauna yana jiran saƙo ya shigo wayarsa, wadda ita kanta ba ta da sabis ko ɗigo, amma hakan bai sa ya yi tunanin komai ba. Ya jira har rana ta karkata. Gwiwoyinsa suna zafi, ƙirjinsa yana zafi, ya tuna gobe ma hawa ne, jibi ma hawa ne, har kwana talatin da biyar. Ya kalli tafkin, ga shi cike har baki. Ya ce a ransa, ruwan da ya kwana goma bai je ko'ina ba, ina za shi? Ko zaga bangon bai yi ba. Ya ɗauki tukunyar matarsa ya sauko.

Da safe, ƙarfe bakwai daidai, wayoyin Sallapuquio suka yi ƙara a tare. Saƙo daga wata sabuwar lamba: "Tafki cike yake."

Sabuwar lambar tana cikin wata tsohuwar waya, tsohuwar wayar tana cikin hular Hermógenes, shi kuma Hermógenes yana tsugune a bayan gida ya ciro ta yana dannawa da babban yatsa.

Ranar kam ƙauye ya yi masa kaɗan. Ya sayi sabon tabarau. Ya zauna a bakin shago ƙafa ɗaya kan ɗaya, masu yi masa dariya jiya suna saya masa lemo. Mutanen ƙauyen ƙetare suka turo wakilai su ji sirrin, ya ce musu abin yana buƙatar shekara shida na karatu a Lima, amma zai duba musu in ya sami sarari. Kullum ƙarfe bakwai, tafki cike yake. Tumbinsa ma haka.

Bayan mako biyu Tayta Sinforoso ya tare shi a hanya.

"Alƙali, sau huɗu na riƙe sandar nan. Ban taɓa ganin rani ya wuce tafki bai sha ko yatsa ɗaya ba. Rana ba ta shan naka ne?"

"Tayta, kai da ido kake aunawa, ido kuwa yana tsufa."

Washegari saƙo ya ce, "Tafki ya ragu yatsa ɗaya." Jibi kuma ya koma cike, don Hermógenes ya ga raguwar ba ta yi wa sunansa kyau ba.

Eufrosina kuwa ido ta zuba masa. Wata safiya ta ɗaga takalminsa na hawa ta juya shi, ta ga gizo-gizo ya yi saƙa a ciki.

"Maigida, ko sau ɗaya ka je ka gani da idonka."

"In ina da mai aiki, me zai sa in yi shara?"

"Ni dai na faɗa. Na zaɓi iri, na gyara kunya, ruwa kawai nake jira."

Ranar buɗe ƙofa ta zo. Tun da safe maza suka bi magudana da shebur suna yashe ta, mata suna biye da tukwanen dafaffen dankali da soyayyen ɓeran Masar, masu ganga da sarewa a gaba. Hermógenes ya aika da saƙon ranar kafin a tashi, har da ƙari: "Tafki cike yake maƙil." Ya ɗaura furanni a kan sanda, ya hau jaki, wai alƙali ba ya shiga biki a gajiye. Aka haura Wuyan Dutse ana waƙa, aka gangara kwari.

Mai ganga ne ya fara gani, ya tsaya. Sarewa ta bi shi. Waƙar ta mutu daga gaba zuwa baya.

Tafkin ya koma laka. Ruwan da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, ya taru a tsakiya, ga kan itacen turare ya leƙo daga ciki. A gindin bango, daidai inda wani mai ilimi ya ciro duwatsu don ya kafa itace, ɓaraka ta buɗe har hannu yana shiga, ciyawa ta yi kore shar a ƙasanta, alamar ta daɗe tana sha.

Mata suka sauke tukwane. Eufrosina ta zauna a kan dutse ta rufe fuska da mayafi, don ta fi kowa sanin daga gonar wa za a cire.

Amma bakin Hermógenes bai taɓa barinsa a hanya ba. Ya diro daga kan jaki, ya cire tabarau, ya dafe ƙirji.

"Jama'a, an cuce ni, an cuce ku. Injin nan ya yi mana ƙarya. Matar nan ta Ayacucho ta sayar mini da jabun modem, yana ta aiko mana da abin da ba shi ne ba. Ni ma da ku aka yaudara. Doka ta ce sakacin alƙali, wannan kuwa ba sakaci ba ne, zamba ce."

Wasu suka fara gyaɗa kai. Kayan birni ai ba a rantsuwa a kansu. Wani ma ya ce dama ya faɗa, injin da ba a shayar ba ba ya gaskiya. Hermógenes ya ga ƙofa ta buɗe, ya ƙara wuta, har ya ɗauki dutse zai farfasa maƙaryacin a gaban kowa.

Tayta Sinforoso ya riƙe masa hannu. "A'a. Ba a kashe mai laifi kafin shari'a. A sauko da shi yadda yake, gobe mu kai wa matar ta yi mana bayani."

Maza suka toshe ɓarakar da ƙasa mai ciyawa. Mama Ildaura ta kwashi kwamfuta da batir da farantin sola, ba ta cire ko waya ɗaya ba don ba ta san wacce ake cirewa ba, ta ɗaure su a bayan jakin da alƙali ya hau, ta ce shi ya taka. Aka juyo ba ganga ba sarewa. Hermógenes yana tsakiya yana ta bayanin yadda ake gane jabun kaya, yana lissafin yadda zai sa jakin ya zame a gangare.

Da jakin ya kai Wuyan Dutse, ya tsaya kusa da dutsen nan mai faɗi yana cin ciyawa. Sai wata 'yar fitila shuɗiya ta kama a jikin ɗan modem ɗin.

Wayar malamin makaranta ce ta fara ƙara. Sai ta mai ganga. Sai duk wayoyin da ke kan dutsen, suna ta ƙara ba tsayawa, saƙo na bin saƙo. Ashe 'yar kwamfutar, baiwar Allah, kwana talatin da biyar tana aikinta a cikin kwari, tana auna ruwa kullum tana rubutawa tana ajiyewa, ba ta sami hanyar fita ba sai yanzu. Malamin makaranta ya gyara murya ya fara karantawa da ƙarfi.

"Sha ɗaya ga wata, ruwa ya ragu yatsa biyu. Sha biyu ga wata, yatsa huɗu. Sha biyar, taƙi ɗaya. Ashirin ga wata, ruwa yana raguwa da sauri, a duba bango. Ashirin da ɗaya, a duba bango. Ashirin da biyu, a duba bango."

"Kun ji ko?" in ji Hermógenes. "Yanzu kuma ya canza magana. Maƙaryaci ke nan, ba ya tsayawa a kan zance ɗaya."

"Tsaya," in ji malamin. "Wannan lambar daban ce da mai ce mana cike yake."

"To waccan ta wace ce?" in ji Tayta Sinforoso.

"Irin waɗannan injina suna da lamba biyu. Ɗaya ta rani, ɗaya ta..."

Eufrosina ta matso gaba. Ba ta kalli kowa ba. Ta ciro wayarta daga cikin mayafi, ta nemo lambar da ta yi wata guda tana gaishe su ƙarfe bakwai, ta danna kira.

Hular Injiniya ta fara waƙa.

Ya tsaya ƙiƙam, hula tana rawa a kansa, yana kallon sama kamar daga can ƙarar take zuwa. Mama Ildaura ta miƙa sandar kiwonta ta ture hular, tsohuwar wayar ta faɗo a kan ciyawa tana haske.

"Ɗauki mana, alƙali," ta ce. "Tafki ne ke kiranka."

A nan kan dutsen aka yi shari'ar, ba a ma jira an isa ƙofar coci ba. Wasu suka ce a ƙwace sandar. Tayta Sinforoso ya ce wanda ya ƙwace masa sanda ai ya yi masa gata, ya riƙe abarsa har shekara ta cika. Aka raba ɗan ruwan da ya rage, kowane gida ya sami abin da zai jiƙa rabin gona. Rabon gidan Ccoyllo kuwa, da aka cire abin da ya tsere, bai kai a wanke hannu ba.

Kwana uku ana ban ruwa, kuma al'ada ce alƙali ne da kansa ke buɗe bakin kowace gona ya rufe. Hermógenes ya bi magudana da sanda da shebur, gona bayan gona, ƙasar mutane tana yin baƙi tana ƙamshi, ba mai ce masa sannu. A rana ta uku ruwan ya iso bakin gonarsa. Eufrosina tana tsaye a kan kunya, ƙwaryar iri a hannu. Ruwan ya taɓa bakin, ya fara leƙawa ciki. Mutane suka tsaya a kan iyaka suna kallo. Ya yanko ƙasa mai ciyawa, ya durƙusa, ya toshe gonarsa da hannunsa, ya danna da ƙafa. Ruwan ya juya ya wuce gonar gaba.

Wani ya ce ashe ya iya toshewa.

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya ga har yanzu ana kallonsa, sai tsohuwar cutar ta motsa.

"Amma dai ku yi adalci, jama'a. Injin ya yi aiki. Ko kwana ɗaya bai yi kuskure ba. Wa ya kawo shi ƙauyen nan?"

Eufrosina ta ajiye ƙwaryar iri. Ta shiga bukkar gona ta fito da bokiti biyu da sandar ratayawa, ta dire su a gabansa, ta nuna masa kogi can ƙasa a gindin kwazazzabo, inda mutum yake zama kamar tururuwa in an hango shi.

"Kunya ɗari da ashirin ce, Injiniya," ta ce. "Gangarawar ba wuya. Fara."